Sadakar Ukun Jatau

Jikata ce ta tono mini wannan zance, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Ranar nan da hantsi muna tsakar gida, ina tsintar wake a faifai, ita tana kwance bisa tabarma da salula a hannu, sai na ji ƙarar bindiga da ihun mata suna fitowa daga cikin abin. Na tambaye ta lafiya. Ta ce wani ƙauye ne can wajen iyaka aka shiga, ga wani saurayi nan an harbe shi. Ta miƙo mini in gani, na ce ta riƙe kayanta. Kafin in rufe baki ta goga yatsa, sai kiɗa ya tashi, wata mata ta shiga koya wa duniya yadda ake dafa taliya. Yarinyar nan ko gyara kwanciya ba ta yi ba. Ba mugunta gare ta ba, in ɗan akuya ya mutu a gidan nan ita ke fara hawaye. Idonta ne dai ya ga gawa da yawa har ta zame masa abin wucewa. Ni kuwa na ajiye faifai na daɗe ina kallon bango, don na tuna wani yaro da aka harbe, wanda ko haihuwarsa ba a taɓa yi ba, amma garinmu ya taru ya zauna makokinsa.

A zamanin da na tashi, labarin mutuwa ba ya shigowa gari da gudu. A ƙafa yake zuwa, ko bisa jaki. Ɗan aike zai iso a gajiye, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa ya sha. Sai ya tambayi lafiyar gida da ta bisashe da yadda shuka ta yi, alhali kowa ya san ba shuka ta kawo shi ba. Mata na leƙe ta bayan darni, an bar daka, an tsawata wa yara. Can ya nemi babban gida su keɓe. Ko a nan ba zai ce wane ya rasu ba. Zai ce wane na jin jiki ƙwarai, ya yi shiru, ya bar mutum ya ƙarasa sauran da kansa. Ana yi wa zuciya shimfiɗa kafin a aza mata kaya. Yanzu kana tsakiyar cin tuwo abin nan zai yi ƙara cikin aljihu, ka duba ka ga hoton ɗan uwanka kwance tun kafin a yi masa wanka, a ƙasa wasu sun riga sun rubuta addu'a da ɗan hoton fuska mai kuka. Ni wannan gaggawa ban iya ta ba, kuma na tsufa da koyo.

Ƙauyenmu na ƙasar Illela ne, in ka hau jaki bayan sallar asuba za ka iske kasuwar Badagishiri ba ta gama cika ba. Ban san agogo ba sai da na shiga lakwal, wato makarantar boko, kuma ban ga abin da ya ƙara mini ba, don gari da kansa yake faɗin lokaci. Da jijjifi taɓarya ce, gida na amsa wa gida, in ƴanmata uku suka haɗu a turmi guda suna lugude har tafi suke yi tsakanin bugu da bugu. Hantsi na guga ne da kukan jakuna a bakin rijiya. In damina ce, da rana ta take tsaka gari yakan yi tsit, maza na gona, mata sun bi su da ƙwaryar fura a ka, ba ka jin komai sai kurciya da tarin tsofaffi. Yau injin niƙa ya rufe bakin taɓarya, kabu-kabu sun fi kaji yawa a hanya, kowa na tafe yana surutu shi kaɗai da hannu a kunne kamar mai ciwon haƙori. Ba cewa nake da ta fi yanzu daɗi ba. Duk mai faɗin haka bai taɓa sussukar dami biyu kafin ya karya kumallo ba. Cewa nake akwai shiru a lokacin, kuma cikin shirun nan na tsakar rana ne kakata take zama gindin kurna tana kaɗin zare.

Kakar nan tawa, uwar mahaifina, ƴar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki, in ta zage ka sai ka isa gida sannan ka gane an zage ka. Ƴaƴa biyu maza Allah ya bar mata. Babban yana saurayi Nasara suka zo ɗibar soja don babban yaƙinsu na ƙetaren teku, maigari ya sa shi cikin waɗanda aka nema. Aka tasa ƙeyarsu zuwa Ƙonni a ƙafa, daga can aka zuba su a mota. Bayan shekaru wasu suka dawo da manyan takalma da Faransancin zagi, wasu kuma aka aiko da takarda cewa sun rasu. Shi kuwa ba shi, ba takarda. Waɗanda suka dawo kowa da abin da ya gaya mata. Wannan ya ce ya baro shi lafiya a bakin teku, wancan ya ce ya ji an ce ya yi aure a wata ƙasa har ya yi ƙiba. Ta saurari kowa ta yi godiya. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce matafiyi, mu ma duk gidan muka bi ta. Ta hana a yi masa sadaka, ta hana a ce Allah ya jiƙansa. Mahaifina ya taɓa suɓutar baki ya ce marigayi a gabanta, ta yi wata guda ba ta ci tuwon ɗakin uwata ba. Har aka haife ni, har na yi wayo, gidanmu na zaune da mutum ɗaya wanda ba ya cikin rayayyu, ba a kuma yarda a sa shi cikin matattu ba. Abin na cin mahaifina ƙwarai, don yana ganin yayansa na kwance a wata ƙasa kusan shekara talatin, ba a taɓa tara mutane an yi masa fatiha ba.

Ni lakwal ce ta ɗauke ni, ba don iyayena sun so ba. An ce kowace unguwa ta ba da yaro, aka duba aka ga ni ce mai surutun da in ta tafi kunne zai huta. Na gama ta kusa da mu aka tura ni Ƙonni, na zauna wajen wata gwaggona. Tun daga nan Kaka ta raɗa mini Madam, in na zo hutu ta ce a share gida ga Nasara ta sauka. Shekarar da nake faɗi, ina da goma sha huɗu ko kusa, ranar da za mu tafi babban hutu malaminmu, da muke kira mushe, ya buɗe wani tsohon akwati ya ce kowa ya ɗauki littafi ɗaya, ya dawo da shi in an koma. Ni na zo ƙarshe saboda na tsaya faɗa da wata. Na sami wanda kowa ya ƙi, ba bango, gara ta cinye shafukan farko. Har yau ban san sunan littafin nan ba, balle sunan wanda ya rubuta shi.

Ina zaune kusa da ita wata rana na duƙufa a kansa, sai ta ce, “Madam, mi takardag ga ka hwaɗa maki, kin ƙura mata ido tun ɗazu kamar mai neman ƙwarƙwata?”

Na ce labarin yaƙin Nasara ne.

Mazarinta ya tsaya. Ta ce, “Karanta mani.”

Haka muka fara. Kullum bayan azahar, in na dawo daga kai fura gona, sai in zauna gindin kurna in aza yatsa bisa layi, in karanta da Faransanci a zuci, in lalubo Hausarsa in faɗa. Ba ƙaramin aiki ba ne, ina yi ina tsayawa, wani wurin in koma baya. Da na zo inda aka ce ƙanƙara mai laushi na zubowa daga sama, na rasa yadda zan ce, sai na ce ruwan ƙasarsu fari ne yana saukowa kamar auduga. Kaka ta dubi ƴar audugar da ke hannunta ta ce mutanen da auduga ke faɗo musu daga sama, me kuma suke nema da suke kashe juna. Kafin mako ya zagayo mun yi jama'a. Tsofaffin maƙwabta suka riƙa zuwa da kaɗinsu, da masu jego, da wata Bafulatana mai tallan nono da muke kira Dada, wadda ke sauke ƙwaryarta ta manta da ciniki.

Labarin wasu ƙasashe biyu ne na Nasara da kogi ya raba, suna yaƙi. Akwai manyan soja a ciki da tarurrukansu, waɗannan in na zo kansu mata sai hamma. Wanda suke jira wani yaro ne makiyayi ɗan shekara sha shida, a wani ƙauye na bakin kogin, shi kaɗai uwarsa ta mallaka. Sunansa ya ƙi zama a bakin kowa, da na ce gashinsa ja ne sai Kaka ta ce to Jatau ke nan, sunan kuwa ya bi shi. Jatau ba jarumi ba ne, ko bindiga bai taɓa riƙewa ba. Yaro ne mai ɓarin baki da yawan ci, yana yi wa shanunsa magana kamar mutane, yana satar wa uwarsa zuma ya dawo yana rantsuwa da leɓe na maiƙo. Matan nan suka ɗauke shi ɗa. In na makara wani yaro za a aiko har gida a ce ana jirana, an bar Jatau cikin ruwan sama tun jiya.

Sai wata rana igwa ta firgita wata saniya daga wancan ƙetaren, ta faɗa kogi ta iyo ta fito a nasu ɓangaren. Sojojin da aka girke a ƙauyen suka so yanka ta, Jatau ya ɓoye ta. Hantsarta ta cika tam, ta ƙi ci, sai kuka take tana duban ruwa. Ban kai ga faɗin dalili ba Dada ta riga ni, ta ce wannan ta baro maraƙi, in ba a maida ta ba kwana uku ba zai kai ba. Da littafin ya ce Jatau na jiyo kukan maraƙin daga ƙetare, ta buga cinya ta ce ai ta faɗa. A wurinmu ba a gardama kan irin wannan. Dabbar da ta ɓato ba taka ba ce ko ta kwana shekara a garkenka. Za ka kai ta gidan maigari, a sa a yi cigiya ranar kasuwa, ko mai ita abokin gabarka ne. Saboda haka da Jatau ya ƙudura zai maida saniyar, babu wadda ta ga wauta a ciki, cewa suka yi uwarsa ta iya reno.

Akwai abin da ya kamata in gaya musu tun farko ban gaya musu ba. Mutanenmu takarda uku suka sani: ta Alƙur'ani, da wasiƙa, da ta hukuma. Duk cikinsu babu ta wasa. Tatsuniya da baki ake yin ta, kowa ya san mabuɗinta, kowa ya san ƙarya ce. Amma a ce mutum da hankalinsa ya zauna ya cika takarda ɗari biyu da abin da bai faru ba, wannan ko a mafarki ba su kawo shi ba. A wurinsu Jatau yana nan a wata ƙasa, wani ya ga abin da ya same shi ya rubuto. Ni kuwa mushe ya gaya mana irin littattafan nan ƙagawa ake yi. Na yi shiru don ina jin daɗin yadda tsofaffi ke matsa mini wuri a tabarma. Gaskiya kuma, da tafiya ta yi nisa ni kaina na manta.

Zumuɗi ya sa na riga su. Wata safiya na ɗauki furar gona na soke littafin a zane, da na kai rabin hanya na sauke ƙwarya gindin wani gawo na ce bari in leƙa shafi ɗaya. Jatau ya kwance saniyar da sassafe, ya bi da ita ta mashigi, ruwa har ƙirji. Ya kai ta. Maraƙin ya rugo ya kama nono. Mai saniyar wata tsohuwa ce, ba ta jin harshensa, ba ya jin nata, ta dafa kansa, ta ƙulle masa cuku a ƙyalle. Ya juyo ya shiga ruwa, ya ɗaga ƙullin sama kada ya jiƙe. A gaɓar ƙauyensu akwai wani soja na ɓangarensu yana gadi, baƙo ne, jiya aka kawo shi, bai san kowa ba. Ya hango mutum na tahowa daga wajen abokan gaba da abu a hannu. Ya harba sau ɗaya. Layi uku marubucin ya ba wannan mutuwa, na ƙirga su. Daga nan ya tsallake ya koma kan manyan soja suna gardama a kan wata gada.

Na juya shafi, na juya na gaba, ina neman inda za a ce ya taso, ko an tsamo shi da sauran numfashi. Babu. Na koma na sake karanta layukan nan uku ko Faransancina ne ya gaza, suka sake faɗin abin da suka faɗa. Na yi kuka a wurin nan har da majina, kukan da ban yi ba ranar da aka raba ni da gida aka kai ni lakwal. Haushi nake ji, tsoro kuma na kama ni, don ban taɓa sanin baƙin tawada na da wannan ƙarfi ba. Ga gero kore shar ko'ina, ga tsuntsaye na harkarsu, ni kuma an yi mini mutuwa, ba gawa, ba wanda zan gaya wa. Ranar furar ta isa gona ta tsinke, mahaifina ya yi ta faɗa ban ji ko kalma ɗaya ba.

Kwana uku ina ƙaryar ciwon ido. Ba matan nake ji ba, Kaka nake ji. Na lura tun da saniyar nan ta shigo labari ta daina tsokanata, in ina karatu ba ta kaɗi, zaren na kwance a cinya. Na san wa take gani in na ce Jatau, ko ban kai shekarun da zan iya faɗa ba. A rana ta huɗu na ga ba makawa, na zauna na buɗe littafin, na ba su labari mai daɗi. Na ce Jatau ya haye lafiya, uwarsa ta tarbe shi a gaɓa, ba a jima ba yaƙi ya ƙare, tsohuwar nan ta aiko masa da maraƙin kyauta, ya girma ya yi aure. Wata ta rangaɗa guɗa. Dada ta ce Allah ba ya barin mai amana, ta ba ni nono kyauta a ludayi. Aka watse ana murna, da gida ya rage mu biyu sai Kaka ta kira ni.

“Madam, matso nan. Kullum in kina karatun ga, yatsanki na bisa takarda, kina tuntuɓe kamar jaki cikin laka. Yau bakinki sai gudu shikai, yatsa na wuri guda, ko ganye ɗaya ba ki juya ba.”

Na ce wurin ne ke da sauƙi.

“Dube ni.”

Na kasa.

“Idon ga na san shi,” in ji ta. “Shi sojojin nan sunka zo mani da shi, ɗaya bayan ɗaya, kowa na duban ƙasa shina ce mani an gane shi lahiya. Su manya na, na ƙyale su da kunyarsu. Ke jinina ta, ba ki yi mani haka. Gobe ki hwaɗi abin da takarda tac ce.”

Washegari na faɗa, a gaban kowa, yatsana bisa layi. Da na kai inda sojan ya harba, Dada ta dafe ƙirji. Ita ce ta fara salati. Ta ce mai maida dabba ga mai ita, ko ɓarayin shanu ba su taɓa irinsa. Wata ta shiga tsine wa sojan, Kaka ta ɗaga mata hannu ta ce ta bari, shi ma ɗan wata ne aka ɗebo aka ba bindiga, tsoro ne ya harba. Sannan ta juyo gare ni.

“An kai ma uwatai labari?”

Na riga na bincike littafin har ƙarshe, na san bai sake komawa kan uwar ba. Na ce, “Ba a faɗa ba, Kaka.”

“Ba a kai ba ke nan. Tana can tana duban hanya.” Ta naɗe zarenta a hankali ta sa cikin lefe. “To mu mun ji. Tunda mu munka ji, mu ka yi mashi sadaka. A hiddo hatsi.”

Na daɗe a rayuwata ina jin haushin mutumin da ya rubuta littafin nan. Alƙalami na hannunsa, da ya so da ya sa harsashin ya kuskure, ba wanda zai tuhume shi. Sai da na girma, na binne nawa, na gane da ya yi haka da ya shiga sahun sojojin da suka zo suna duban ƙasa. Yaƙi ba ya tambayar wa ya cancanta, shi kuma ya ƙi ya gyara wa yaƙi hali. Ko layi ukun nan da na ɗauka rowa ce, yanzu ina ganin daidai ya auna, don wanda aka kashe a banza iyakar abin da duniya ke tsaya masa ke nan kafin ta koma gardamar gada.

Mahaifina ya dawo gona da la'asar ya iske ana fid da dami daga rumbu, a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke lallaɓa ɗan abin da ya rage. Ya tambayi wa ya rasu. Uwata ta ce Jatau. Ya ce wane Jatau, na gidan wa. Da aka yi masa bayani ya kira ni bayan ɗaki.

“Ke, yaron ga, akwai shi ko babu shi?”

Na sunkuyar da kai na ce mushe ya ce irin littattafan nan ƙagawa ake yi.

Ya riƙe baki. “Yau ga abin kunya. A tara gari a yi ma takarda sadaka? Har garin Dogarawa sai an yi muna dariya.”

Ya ja ni gaban Kaka ya sa na maimaita. Na zaci za ta zage ni. Sai ta tambaye ni ko mai rubutun ya ga yaƙi da idonsa. Na ce yadda yake faɗin abubuwa, da alama ya gani. Ta ce, “To ya ga wani yaro ya mutu hakanan. Irin wagga mutuwa ba a ƙaga ta, sai dai a sake ma mai ita suna. A daka gumba.”

Mahaifina bai iya ja da uwarsa ba, sai ya tafi wajen liman neman mafita. Limamin nan tsaran yayansa ne, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Ya saurara har ƙarshe, ya daɗe yana shafa gemu, abin da ya ce kawai shi ne a bar ta ta daka.

Ranar uku da hantsi aka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida, aka jera ƙoren gumba. Gari ya zo, har waɗanda ya kamata a ce suna gona. Rabinsu kallo ya kawo su, ina leƙe ta zaure ina ganin samari na taɓa juna suna ƙunshe dariya. Mata na ciki sun kewaye Kaka gindin kurna. Liman ya taso ya tsaya bakin zaure yadda na ciki da na waje za su ji shi.

“Inna, jama'a ta taru, sadaka ta hallara, ladar ciyarwa kuwa Allah ya san inda za shi kai ta. Sai dai ni ba ni iya ɗaga hannu ga yaron da ba a haihwa ba. Hwatiha na son suna. Sunan wa za mu kama?”

Kaka na zaune ƙafafu miƙe, hannuwa bisa cinya, tana duban ƙofar gida. Ta daɗe har na ce a raina ba za ta amsa ba. Can ta ɗaga murya, ba rawa a cikinta, ta kira mahaifina. Ya shigo ya durƙusa.

“Tashi ka hwaɗa ma Malam sunan yayanka.”

Ya tashi da ƙyar. Ya buɗe baki ya faɗa. Ranar na fara jin an kama sunan nan da ƙarfi a gidanmu. Liman ya maimaita shi, ya haɗa da Allah ya jiƙansa, sai ya ja bakin rawani ya rufe fuska. Samarin nan masu dariya duk suka sunkuya. Da aka shafa fatiha, amin ɗin da ta tashi ƙofar gida ta haɗu da ta cikin gida, na ji ta har cikin ƙashina.

Malamai sun yi mata nasiha, dangi sun lallashe ta, ɗanta ya roƙe ta shekara da shekaru, ba wanda ya motsa ta. Sai wani mutum a wata ƙasa mai sanyi, wanda bai taɓa jin sunan ƙauyenmu ba, ya zauna ya ƙagi yaro ya kashe shi cikin ruwa, gara ta ci sunansa ta bar labarin, labarin ya biyo hannun yarinyar da ta zo ƙarshe wajen rabo. Ni dai ban san abin da zan kira wannan ba in ba ikon Allah ba.

Mata suka shiga tasowa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa gabanta. Kowace ta ce, “Inna, ya haƙuri?” ita kuma ta ce, “Da godiya.” Gaisuwar da ta ƙi karɓa tun kafin auren iyayena, ranar ta karɓe ta daga bakin kowa, hawaye na bin tamojin fuskarta ba ta share ba. Da na ga layi ya ƙare na taso, na durƙusa yadda na ga manya sun yi.

“Kaka, ya haƙuri?”

Ta kama wuyan hannuna. “Ke ba ki gaisuwa. Ke ma naki yaro ya mutu cikin ruwa, kwana nawa ina ganin idonki. Zamna nan.”

Ta matsa mini a tabarma na zauna. Matan da suka iso daga baya, na unguwannin nesa da na rugar su Dada, sai su gaishe ta, su juyo su gaishe ni. Ni kuma ina amsawa, “Da godiya,” har rana ta take tsaka.